Wai Shi "Ni" Ɗin Nan Daga Ina Yake Fitowa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sanin Kai

Tambayoyin nan su suke ta dawowa, wasu daga iyaye mata masu goyo da suke ganin yaro yana canzawa a gabansu, wasu daga ɗalibai, wasu kuma daga mutanen da wani abu ya taɓa samu har suka ji kamar ba su ba ne a jikinsu. Na fara da masu sauƙi, masu nauyin suna can ƙasa.

Me ake nufi da "sanin kai" tukuna? Shi ne sanin ciwon kai?

A'a, wancan daban. In an ce mutum ya san ciwon kansa ana nufin ya yi hankali, ya san abun da zai fisshe shi. Wanda muke magana a nan ya riga wancan zuwa da nisa, shi ne ka san cewa akwai ka, kai ne mai jin yunwar nan, hannun nan naka ne, kuma kai ɗin da ka kwanta jiya kai ne ka tashi yau.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William James, tun 1890 ya raba shi biyu: akwai ni mai kallo, akwai ni da ake kallo. Mu a Hausa kullum muna faɗar haka ba mu lura ba. In ka ce "na ji haushin kaina", to ai biyu ne a maganar, mai jin haushi da wanda ake jin haushinsa, kuma duk kai ne. Abun da ya fi burge ni ma shi ne kalmar da muka zaɓa, wato kai, wannan dai da ke kan wuya. Balarabe ya ce nafsi, mu muka ce kai.

Da shi ake haihuwar jariri ko daga baya yake zuwa?

Da ɗan guntunsa ake haihuwarsa, kuma a jiki yake. Duk wadda ta yi goyo ta san in aka taɓa kumatun jariri zai juyo da baki yana lalubar nono. A 1997 Philippe Rochat da Susan Hespos suka gwada jarirai da ba su wuce kwana ɗaya a duniya ba, sai suka ga in yatsan wani ne ya taɓa kumatun sun fi juyowa sosai, in kuma hannunsu ne ya kai wurin ba su cika damuwa ba. Ke nan jikin ya riga ya raba "taɓawa ta" da "taɓawar wani" tun kafin a raɗa masa suna. Amma fa jaririn bai iya tunanin kansa ba, wannan sai an kusa yaye (duba tambayar madubi). Yadda jiki yake yin wannan rabewar kuma yana cikin amsar cakulkuli.

Yaushe yaro yake gane cewa shi ne a madubi?

Yawanci tsakanin wata 18 zuwa 24. Gwajin ba wuya, Beulah Amsterdam ce ta yi shi da yara a 1972: a ɗiga wa yaro jan baki a hanci ba tare da ya lura ba, a ajiye shi gaban madubi. Ɗan wata takwas ko goma zai yi ta dariya yana dukan madubin kamar ya samu abokin wasa, ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni har leƙa bayan madubin yake yi yana neman wancan yaron, amma in lokacin ya yi sai ka ga ya kai hannu hancinsa.

Na ga wannan da idona a kan ɗiyar ƙanwata. Ta samu tandun kwallin uwarta ta shafa a goshi bata sani ba, ta zo wucewa ta gaban madubin wadirob sai ta tsaya cak, ta kalli yarinyar ciki, ta ɗaga yatsa a hankali ta taɓa goshinta, ta kalli yatsan, sannan ta juyo ta ga muna kallonta sai ta ruga ta cusa kai cikin zanin uwar. Wallahi duk abun bai kai minti ɗaya ba amma har yau ina ganinsa, don a gabanmu ta gane kanta kuma a take kunya ta biyo baya, kuma haka Michael Lewis ya samu a bincikensa, cewa jin kunya in ana kallon yaro yana bayyana ne a yaran da suka riga suka gane kansu a madubi.

A wannan lokacin ne kuma "nawa ne" da "a'a" suke yawa, yaron da yake cewa "Abba zai sha ruwa" ya koma "ni zan sha". Iyaye da yawa suna ɗauka taurin kai ne ya shigo ko rigimar yaye ce. Ni dai ina roƙon a sassauta, yaron da ya gano yanzun nan cewa yana da nasa so dole sai ya gwada shi.

Nawa ya haura shekara biyu, na ɗiga masa jan baki ya tsaya yana kallo kawai. Akwai matsala?

Kwantar da hankalinki, wannan gwajin a kan yaran Turawa aka gina shi. A 2011 Tanya Broesch da abokan aikinta suka wallafa abun da suka gani a Kenya, cikin yara 82 guda 2 ne kawai suka taɓa tabon, alhali wasunsu sun kai shekara shida. Yawancin sauran daskarewa suka yi suna kallon madubin. Ba mai cewa ɗan shekara shida bai san fuskarsa ba, abun da ya fi kama hankali shi ne yaron yana ganin babba ne ya sa masa, kuma ba a cire abun da babba ya sa. Heidi Keller ma ta kwatanta yaran manoman Nso a arewa maso yammacin Kamaru da yaran birni a Girka, na Girka sun riga gane kai a madubi, na Nso kuma sun riga su iya kame kai da jin magana. Irin renon da aka yi wa yaro, goyo a baya da hannu da yawa ko kuma zama fuska da fuska da uwa ita kaɗai, shi yake sa wani ɓangaren ya riga wani nuna.

Abun da ya kamata ya kai ki asibiti shi ne in yaro ya shekara ana kiran sunansa baya waiwayowa, ko ya kai wata 18 baya nuna miki abu da yatsa don ki gani, baya haɗa ido, ko kalmomin da ya iya suka ɓace. Wannan kam a je likitan yara ya duba, har da jinsa, kar a tsaya ana cewa zai yi.

Dabbobi fa, sun san kansu?

Asali ma a kan biri aka fara gwajin. Gordon Gallup a 1970 ya yi wa birran cimfanzi allurar barci ya shafa musu jan fenti a gira da kunne, da suka farka suka ga madubi sai suka dinga taɓa wurin suna sunsuna yatsa. Daga baya dabbar tekun nan dolfin ta ci gwajin a 2001, wata giwar Asiya mai suna Happy a gidan zu na Bronx ta ci a 2006, wani tsuntsu ɗan dangin hankaka a 2008, sai 2019 aka ce har wani ƙaramin kifin teku ya ci, wanda ya jawo gardama sosai. Kare baya ci, amma shi da hanci yake rayuwa, da aka gwada shi da wari an ga yana bambanta fitsarinsa da na wani kare.

Yaushe yaro yake gane cewa abun da ya sani ba lallai wani ya sani ba?

Wajen shekara huɗu zuwa biyar. Ka lura ɗan shekara biyu in ana wasan ɓuya rufe idonsa kawai yake yi, tunda shi baya gani to ba a ganinsa. Heinz Wimmer da Josef Perner suka tsara gwajin a 1983: wani ya ajiye abu ya fita, aka canza wa abun wuri, sai a tambayi yaro in ya dawo ina zai duba? Ɗan shekara uku zai nuna sabon wurin, don a wurinsa abun da ya sani kowa ya sani. Ɗan biyar zai nuna tsohon wurin yana murmushi. An maimaita shi a 1991 da yaran Baka a dajin kudu maso gabashin Kamaru, da ƙwallon mangwaron daji aka yi, yaran da ba su taɓa shiga aji ba, kuma shekarun suka zo kusan ɗaya.

Daga nan ne yaro yake iya ƙarya mai tsari, yake iya riƙe sirri, yake iya tausayi na sani, yake kuma fara tambayar kansa "yaya suke gani na?". A ganina nan ne rabin sanin kai yake, a idon mutane. Wanda aka taso ana ce masa "kai ba ka iya komai" da muryar nan zai dinga yi wa kansa magana har ya yi furfura, shi ya sa bakin iyaye da na malamai ba abun wasa ba ne. Malaman fiƙihu suna sa shekarun tamyizi wajen bakwai, lokacin da aka ce a umarci yaro da sallah, kuma in ka duba yaro a wannan shekarun ya riga ya iya kallon aikinsa ya ce na yi daidai ko ban yi ba.

Me ya sa ba na tuna komai "tun ban yi wayo ba"?

Yawancin manya tunaninsu na farko yana tsayawa wajen shekara uku zuwa uku da rabi. Dalili ɗaya, sashen ƙwaƙwalwa mai ɗaure abubuwan da suka faru, wanda ake kira hifokamfus, bai gama nuna ba. Na biyu, kafin ka ajiye labari a matsayin "abun da ya same ni" sai akwai ni ɗin da za a rataya shi a kai, da harshen da za a faɗe shi. An samu cewa Mawori na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda suke yawan ba yara labarin baya dalla-dalla, tunaninsu na farko yana komawa wajen shekara biyu da rabi.

Sai dai a kula, wani abun da kake rantsuwa ka tuna ba tunawa ka yi ba, kaka ce ta yi ta ba da labarin har ya zauna maka da hoto. Elizabeth Loftus ta gwada haka a 1995, aka ba mutane labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a kanti suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna.

Me ya sa ba na iya yi wa kaina cakulkuli?

Saboda duk motsin da za ka yi, ƙwaƙwalwa tana riga lissafa abun da fata za ta ji, in abun ya zo daidai da lissafi sai ta rage masa ƙarfi. Sarah-Jayne Blakemore da abokanta a Landan sun nuna a 1998 cewa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana cikin wannan aikin, kuma da aka sa na'ura tsakani ta ɗan jinkirta taɓawar sai cakulkulin ya fara dawowa. Wannan lissafin shi ne yake ba ka jin "ni na yi".

Kuma ana iya yaudararsa. A shekarar dai, Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka ɓoye wa mutum hannunsa bayan allo suka ajiye hannun roba a gabansa, suna shafa duka biyun da buroshi a tare, ba a jima ba mutum zai ce a hannun robar yake jin shafar. Wanda aka yanke wa ƙafa kuma yakan ji tana masa ƙaiƙayi ko zogi shekaru bayan babu ita. In kana da irin wannan a gida don Allah kar a ce masa raki ne ko ya zautu, ciwon gaske ne, taswirar jikin da ke ƙwaƙwalwarsa ce har yanzu da ƙafar a ciki.

To a wane lungu na ƙwaƙwalwa "ni" yake zaune?

Ba shi da ɗaki ɗaya, aikin gayya ne. A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wasu sassa da suke ƙara aiki daidai lokacin da mutum ya zauna ba abun yi, a tsakiyar goshi da can ciki ta baya, su ne suke kunnuwa in kana tuna jiya, kana shirya gobe, kana sake juya maganar da aka faɗa maka a wurin biki. Akwai insula mai sauraron cikin jiki, bugun zuciya da numfashi da yunwa. Akwai kuma wani wuri saman kunnen dama ta baya mai haɗa gani da taɓawa da daidaiton jiki ya ce maka "ga inda kake". A Janeba a 2002 Olaf Blanke ya sa wa wannan wurin 'yar wutar lantarki a kan wata mai farfaɗiya da ake shirya wa tiyata, sai ta ce tana ganin kanta daga sama kwance a gado, da aka kashe wutar abun ya tafi.

Ashe ba ni na fi kowa sanin dalilin abun da nake yi ba?

Wannan ita ce amsar da ta fi taɓa ni. A shekarun 1960 an yi wa wasu masu farfaɗiya mai tsanani tiyata aka yanke gadar da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu, Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka bi su da bincike. A wani gwaji da Gazzaniga ya yi daga baya, aka nuna wa ɓarin hagu mai magana ƙafar kaza, aka nuna wa na dama gida cikin dusar ƙanƙara. Hannu ɗaya ya zaɓi hoton kaza, ɗayan ya zaɓi shebur. Da aka tambayi mutumin me ya kawo shebur, ɓarin mai magana bai ga ƙanƙarar ba, amma bai ce ban sani ba, nan take ya ce ai da shi za a kwashe kashin akurki. Ba ƙarya ya shirya ba, shi ma ya yarda da abun da ya faɗa.

Kar ka ce ai su marasa lafiya ne. A Jami'ar Lund ta Suwidin a 2005 aka nuna wa mutane lafiyayyu hotunan fuska biyu su zaɓi wadda ta fi musu kyau, sai a yi dabara a miƙa musu wadda ba su zaɓa ba, kusan kashi uku cikin huɗu na musanyar ba a lura ba, har mutum ya zauna yana bayanin me ya sa ya zaɓe ta. Akwai mai ba da labari a cikin kowannenmu, da sauri yake ɗinke ɓaraka. Tun da na san wannan, in matata ko abokina ya ce min "ba don haka ka yi ba", nakan tsaya in saurara kafin in musa.

In mutum ya rasa tunaninsa, shi ɗin ya tafi kenan?

Henry Molaison an cire masa hifokamfus na ɓari biyu a 1953 yana ɗan shekara 27, daga ranar har ya rasu a 2008 baya iya riƙe sabon abu, mai binciken da ta shekara da shekaru tana zuwa wurinsa kullum baƙuwa ce. Amma ladabinsa da fara'arsa suna nan, hannunsa ma yana koyon sabon aiki duk da baya tuna ya taɓa gwadawa. A 2015 Nina Strohminger da Shaun Nichols suka tambayi dangin masu cutar ƙwaƙwalwa kusan 250, sai ya zama abun da yake sa dangi su ce "ba shi ba ne" shi ne canjin hali, gaskiya da tausayi da amana, fiye da mantuwa nesa ba kusa ba.

Kakata da gigin tsufa ya kama ta ta manta sunana, wani lokacin ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ba a haifi babana ba. Amma ko waye ya yi sallama sai ta gyara mayafi ta ce a kawo masa ruwa, ta tambaya ko ya ci abinci. Masu jinyar irin waɗannan, ku daina yi musu jarrabawar "kin gane ni?", tana tayar musu da hankali, ku gaishe su yadda kuka saba ku zauna kusa.

Wani lokaci ina jin kamar ba ni ba ne, kamar ina kallon kaina a fim. Hauka ne ko iska?

Mutane da yawa sun taɓa jin haka na ɗan lokaci, musamman bayan firgita ko hatsari, rashin barci, damuwa mai yawa, ko shan wiwi. Haɗin nan da aka yi bayani a tambayar lungun ƙwaƙwalwa ne ya ɗan sassauta, kuma yadda ka san cewa "kamar" ne, wannan alama ce hankalinka yana nan. Dannau ma ɗan uwansa ne, a barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kulle gaɓoɓi, in ka farka kullen bai sake ba sai ka ji an danne ka, wani har ya ga mutum a ɗakin. In abun ya ɗauki makonni, ko yana hana ka aiki, ko yana zuwa da suma ko jin muryoyi, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, don wata farfaɗiyar ma haka take farawa. Yi addu'arka kuma ka je asibitin, ɗaya baya hana ɗaya.

Duk wannan bai ci karo da maganar ruhi ba?

Abun da binciken nan yake aunawa shi ne wane sashe ne yake aiki lokacin da kake jin kaza, da abun da yake lalacewa in sashen ya samu rauni. Me ya sa aikin naman ƙwaƙwalwa yake zuwa da ji tun farko, me ya sa akwai ɗanɗanon zama kai, wannan masanin falsafa David Chalmers a 1995 ya kira shi matsala mai wuya kuma har yau masana suna kai. Musulmi kuma yana da ayar Suratul Isra'i ta 85, cewa ruhi daga al'amarin Ubangiji yake.

Malamanmu ma ba su ji tsoron tambayar ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, wato shekara 600 kafin masanin falsafar Faransa Descartes ya ce tunda ina tunani to akwai ni, ya kawo misalin mutumin da aka halitta lokaci ɗaya cikakke yana rataye a iska, baya gani, baya ji, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata. Ya ce wannan mutumin ba zai tabbatar yana da hannu ko zuciya ba, amma ba zai yi shakkar cewa akwai shi ba, don haka nafsi daban take da jiki. Masu binciken jiki na yau inda suke ja da shi shi ne, ko an rufe ido da kunne, zuciyar mutumin tana bugawa, huhunsa yana cika yana sacewa, cikin kunnensa yana auna sama da ƙasa, kuma duk saƙon nan yana isa ƙwaƙwalwa ba tsayawa, irin saƙon da jaririn kwana ɗaya na tambaya ta biyu yake rabe hannunsa da na wani da shi.